Ɗan littafin da ke kai Turawa Bod Gaya

Hazo ne ya haɗa ni da matar. Jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga Delhi tun la'asar kamata ya yi a ce ya sauke mu Gaya da asuba, tafiyar kusan kilomita 1,000, to amma watan Janairu ne, kuma idan hazon hunturu ya sauka a arewacin Indiya direba ba ya ganin abin da ke gabansa. Gari ya waye mana a tsakiyar gonaki, babu tasha babu ƙauye, taga ta yi fari fat kamar an manna auduga. Sanyi yana ratsa bargo ya shiga ɓargo. Mai shayi ya ratso tarago da butarsa yana ta kiran "cai, cai".

Tana zaune a gadon da ke fuskantar nawa, dattijuwa ce Bajamushiya, za ta haura shekara 60, furfura ta gama cin kanta. Tun daren jiya na lura da wani ɗan siririn littafi a hannunta, bangonsa ya koɗe, takardunsa sun yi jaja-jaja don tsufa, an ɗaure shi da roba kada ya warwatse. Takan kwance robar, ta buɗe, ta dubi layi ɗaya ko biyu, ta rufe ta mayar da robar.

Na sayi shayi kofi biyu na miƙa mata ɗaya, daga nan hira ta ɓarke. Ta tambayi ƙasata, na ce Najeriya, mutumin Zariya ne ni. Ta dubi carbin da ke hannuna ta ce ita ta ɗauka Musulmi ba sa zuwa inda za mu, wato Bod Gaya, garin da mabiya addinin Buda ke kai ziyara. Na gaya mata ni ɗalibin adabi ne a wata jami'a a Delhi, hutu muka samu, kuma abin da nake bibiya shi ne yadda labari ke tashi daga wata ƙasa ya je ya sauka a wata. Ta yi jim, sannan ta ɗaga ɗan littafin ta ce, "To ga wanda ya ɗauko ni." Tana da shekara 17 ta saye shi. Ta yi aikin jinya kusan shekara 40, mutane da yawa sun cika a hannunta, bara kuma ta binne mijinta. Duk sanda duniya ta yi mata ƙunci, gare shi take komawa. Yanzu da gida ya zama ita kaɗai, ta ce bari ta zo ta ga wurin da idonta.

Sunan littafin Siddhartha, marubucinsa Hermann Hesse, kuma duk wanda zai yi maganar yadda Turawa suka fara jin ƙanshin addinin Buda ba zai tsallake shi ba. An haifi Hesse a 1877 a garin Calw na kudancin Jamus, a gidan 'yan mishan. Kakansa na wajen uwa, Hermann Gundert, ya daɗe a kudancin Indiya har ya wallafa ƙamus na harshen Malayalam, kuma a can aka haifi mahaifiyarsa. Ke nan yaron ya tashi ne a gidan da ake jin sunan Indiya safe da yamma. A 1911 ya hau jirgin ruwa ya nufi gabas, ya ga Silon, wato Siri Lanka ta yau, da Malaya da Sumatara, ya dawo da ciwon ciki da ɓacin rai, bai taka ainihin ƙasar Indiya ba. Littafin kuwa a wani ƙauye na Suwizalan mai suna Montagnola ya rubuta shi bayan yaƙin duniya na farko, a lokacin da aurensa ya lalace, hankalinsa ya tashi. Ya kai rabi ya maƙale, sai daga baya ya ƙarasa, aka buga a 1922. An ba shi kyautar Nobel a 1946, aka fitar da fassarar Ingilishi a Amurka a 1951, amma sai a shekarun 1960, bayan rasuwarsa a 1962, matasan Amurka da Turai da suka gaji da yaƙin Biyetnam da rayuwar tara abin duniya suka rungume shi, ya zama guzurin duk mai jaka a baya da ya kama hanyar gabas.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, jarumin labarin ba Buda ba ne, suna kawai suka haɗa. Ɗan wani malamin Barahma ne, wato malamin addinin Hindu, da ya bar gidan ubansa neman gaskiya, ya shiga cikin masu gudun duniya ya azabtar da jikinsa. Ya sadu da Buda ido da ido, ya saurari wa'azinsa, ya yaba, sannan ya ce ba zai bi shi ba, domin a ganinsa abin da Buda ya samu ba a koyar da shi da baki. Abokinsa ya tsaya ya zama almajiri, shi ya wuce. Ya shiga birni, ya yi soyayya, ya yi fatauci, ya yi caca, ya ƙoshi har ya tsani kansa, daga ƙarshe ya zauna wurin wani tsohon mai fito a bakin kogi, ya koyi sauraren ruwa. Na taɓa karanta shi a matsayin darasi, na yaba da harshensa, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauke shi kamar laya ba sai wannan mata.

Sai bayan azahar muka isa Gaya. Muka haɗa kuɗi muka ɗauki a-daidaita-sahu zuwa Bod Gaya, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba, cikin ƙura da ƙahon motoci da shanu. A bakin hanya na ga ana dakan wani abu a faɗaɗɗen dutse, na tsayar da direba na saya. Tilkut suke ce masa, riɗi ne da mazarƙwaila ko sukari, garin Gaya ya yi suna da shi, kuma da na sa a baki sai na ji kantun riɗin gida. Ina cikin tauna wayata ta yi ƙara. Inna ce. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kai, ina kuma ka shiga? An ce mini garin masu gumaka ka tafi."

"Inna, karatu ne ya kai ni. Kallo kawai zan yi in dawo."

"To ka riƙe sallarka. Allah ya tsare."

"Amin, Inna."

Na riƙe kuwa. Akwai Musulmi a garin, akwai masallaci ba nisa da babban wurin ibadar, kana jin kiran salla yana haɗuwa da ƙarar ƙararrawa da gangunan 'yan Tibet.

Kafin ka shiga harabar Mahabodi, wato babban wurin ibadar, sai ka ajiye wayarka a wurin ajiya, a caje ka, ka tuɓe takalmi. Dokar waya ta samo asali ne daga bama-baman da suka tashi a wurin ranar 7 ga Yulin 2013, kuma waɗanda kotu ta kama da laifin masu kiran kansu Musulmi ne. Na shiga da nauyin wannan a zuciyata, ba zan ɓoye ba. Ginin yana cikin kwari, sai ka gangara matakala kafin ka kai gare shi: doguwar hasumiya ta tubali mai kusurwa huɗu, tana tsukewa tana hawa har kimanin mita 50. Sarki Ashoka ne ya fara gina wurin ibada a nan a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, hasumiyar kuwa ta zo ɗaruruwan shekaru bayansa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2002.

Bishiyar da mabiya Buda ke girmamawa tana bayan ginin, ta yamma. Da na ɗaga kai na ga ganyenta sai na ce a raina, ai wannan 'yar'uwar durumi ce. Dangi ɗaya suke da durumi da ceɗiya da gamji, ganyen mai siffar zuciya, sai dai nata yana da dogon wutsiya siriri a ƙarshe, iska kaɗan sai ya kama rawa. A gindin kakarta ne, in ji mabiyansa, Siddhartha Gautama, ɗan sarautar ƙabilar Shakya da ya bar fada yana da shekara 29 bayan ya ga tsoho da majiyyaci da gawa, ya zauna bayan shekara 6 na nema, ya tashi yana Buda, wato wanda ya farka. Wadda ke tsaye yanzu jikanya ce. Tsohuwar ta faɗi a guguwa a 1876, aka dasa 'yarta a gurbinta.

Na sami gefe na zauna, hannuna cikin aljihu. Ban rusuna wa komai ba, babu kuma wanda ya nemi in rusuna. Abin da ya fara kama idona shi ne yawan jama'a. Ga matan Siri Lanka cikin fararen kaya, su kusan hamsin, sun zauna sahu-sahu suna amsa karatu bayan malaminsu. Ga 'yan Tailan suna manna ganyen zinariya a dutse. Ga 'yan Bama da tiren furanni a ka. Can gefe kuma ɗaruruwan katakai ne shimfiɗe a ƙasa, kowane da mai shi: 'yan Tibet, maza da mata, suna miƙewa tsaye, su haɗa hannu, su zube, su miƙe jiki gaba ɗaya a kan katakon, su tashi, su sake. Wasu sun yi alkawarin yin haka sau 100,000. Na daɗe ina kallon wata tsohuwa mai kitso biyu. Ta sa tsumma a ƙarƙashin tafukanta don su riƙa zamewa, katakon ya yi sumul har yana ƙyalli a daidai inda hannuwanta ke bi, kuma duk zubewa ɗaya sai ta matsar da ƙwayar carbi ɗaya. Goshinta ya yi baƙin tabo irin wanda muke gani a goshin masu yawan sujada. Idan ganye ya faɗo daga bishiyar, nan take wani ya yi wuf ya tsince.

Turawan su ma suna nan, amma a warwatse, ɗaiɗai, kowa ya lulluɓa da mayafi, ido rufe, baya a miƙe. Na ga abokiyar tafiyata tana zagaya ginin a hankali, littafinta a ƙirji, tana kallon mutanen nan kamar wadda aka gayyata biki ta tarar ba ta san kowa ba. Da muka haɗu a bakin ƙofa ta ce mini, "Ban zaci hayaniya haka ba. Na zaci zan tarar da shiru."

Ko wannan taron ma yana da alaƙa da wani littafin Bature. A 1879 wani ɗan jaridar Ingila, Edwin Arnold, ya fitar da The Light of Asia, doguwar waƙa da ke ba da tarihin Buda cikin salon labari. Ta yi kasuwa ƙwarai a Ingila da Amurka, har Gandhi ya faɗi cewa ya karanta ta yana ɗalibi a Landan. A lokacin addinin Buda ya yi ɗaruruwan shekaru da gushewa daga wannan yanki, wurin yana hannun wani shugaban 'yan Hindu. Arnold ya zo a tsakiyar shekarun 1880, ya ga halin da ake ciki, ya koma ya yi ta rubutu a jarida. Wani matashi ɗan Silon, Anagarika Dharmapala, ya karanta, ya zo da kansa a 1891, ya kafa ƙungiyar Maha Bodhi don a dawo da wurin hannun mabiya Buda. Shari'a da jayayya suka ɗauki shekaru, sai a 1949 gwamnatin Bihar ta yi dokar da ta kafa kwamitin haɗin gwiwa na Hindu da mabiya Buda, kuma har yau akwai masu neman a miƙa musu ragamar baki ɗaya. Alƙalamin baƙo ya yi wa masu gida rana a nan, wannan ba abin musu ba ne.

Washegari na bi layin masu sayar da littattafai. Siddhartha yana kan kowane tebur, bugu iri-iri. Kusa da shi akwai The Dharma Bums na Jack Kerouac, na 1958, labarin samarin Amurka masu hawan duwatsu da shan giya da hirar Zen, wani reshe na addinin Buda, wanda shi ma ya jawo nasa ayarin. A wani tebur kuma na ga littafin da ya ɓata mini rai: The Third Eye. An buga shi a Landan a 1956 a matsayin tarihin rayuwar wani malamin Tibet mai suna Lobsang Rampa, wanda ya ce an huda masa goshi an buɗe masa ido na uku yana ganin abin da ke ɓoye. Ya yi kasuwa kamar me. Masana Tibet suka yi zargi, aka sa mai bincike, a 1958 asiri ya tonu: marubucin Cyril Hoskin ne, ɗan wani mai gyaran famfo daga Devon a Ingila, bai taɓa zuwa Tibet ba, ba ya jin yaren. Da aka ritsa shi sai ya ce ai ruhin malamin ne ya shiga jikinsa, ya ci gaba da rubutu, mutane suka ci gaba da saye. Ga shi yau ana sayar da shi taku kaɗan daga inda 'yan Tibet na gaskiya, waɗanda da yawansu 'yan gudun hijira ne, ke goge goshi a katako. Na san wannan zafin. Na sha haɗuwa da mutanen da duk abin da suka sani game da Musulunci daga littafin ƙage ko fim suka samo shi, su zo suna yi maka bayanin addininka. Duk da haka, wani masanin Amurka, Donald Lopez na Jami'ar Michigan, ya rubuta cewa da yawa daga cikin ƙwararrun masana Tibet na Turai sun gaya masa wannan littafin ƙarya ne ya fara sa musu sha'awar fannin. Na kasa yanke hukunci ɗaya a kan abin, har yanzu kuma ban yanke ba.

Wanda ya ɗan warware mini zaren wani dattijon ɗan zuhudu ne daga Siri Lanka, mai mayafi ruwan goro da tabarau mai kauri, da muka zauna a benci ɗaya da hantsi muna shan rana. Na ji mutane suna ce masa Bante, ni ma na ce masa haka. Na tambaye shi ra'ayinsa game da Turawan da littafin Hesse ke kawowa. Ya ce ya karanta shi tun yana saurayi, labari ne mai daɗi, kuma ba ya ƙin duk abin da zai sa mutum ya tsaya ya tambayi kansa ina ya dosa. Su ma, in ji shi, da labari suke fara koya wa yara: suna da tatsuniyoyin Jataka guda 547 a kan rayuwoyin Buda na baya, a cikinsu akwai biri da barewa da giwa. Amma ya ce in lura da abu biyu. Na farko, jarumin Hesse yana neman wani ainihin kai ne da ke ɓoye a cikinsa, wanda zai haɗe da komai, wannan kuwa ya fi kusa da koyarwar Hindu. Buda cewa ya yi idan ka bincika jiki da ji da tunani ba za ka sami wani abu tabbatacce da za ka kira "ni" ba, komai yana sauyawa. Na biyu, jarumin ya ƙi malami, ya ƙi jama'a, alhali mai shiga addininsu abu uku yake neman mafaka gare su: Buda, da koyarwarsa, da jama'ar almajiransa.

"A ƙauyenmu," in ji shi, "yaro da ludayi yake fara addini. Uwarsa ta riƙe hannunsa ya zuba shinkafa a ƙoƙon mai zuhudu. Kyauta tukuna. Sannan kiyaye dokoki biyar: kada ka kashe rai, kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye. Zaman tsayar da zuciya shi ne na uku. Su kuma baƙinmu suna zuwa su ce a koya musu na ukun. Gini suke so su fara daga rufi." Bai faɗi haka da raini ba. Ya ce waɗansunsu sukan gane, su koma su haƙa harsashi, kuma ya ga Turawan da suka fi 'yan ƙasarsa riƙo.

Da ya zo bayanin tushen koyarwar, cewa rayuwa cike take da ƙunci, kuma sanadin ƙuncin wata ƙishirwa ce ta son ƙari da ba ta ƙarewa, sai na fassara masa karin maganarmu, kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya sa na maimaita da Hausa sau biyu, yana gwada furtawa. Na gaya masa inda muka rabu: ni na yi imani da Mahalicci da rai da hisabi, shi tafarkinsa bai ginu a kan Mahalicci ba. Ya gyaɗa kai. Babu wanda ya nemi ya ja wani.

Da daddare, a wata rumfar abincin 'yan Tibet da ake kafawa lokacin hunturu, na zauna da wani saurayi ɗan Kanada a gaban kwanon taliya da romo mai tururi. Shi ma Hesse ne ya kawo shi, malamin makarantarsu ya ba shi. Ya shiga halwar kwana 10 irin wadda malamin tsayar da zuciya S. N. Goenka ya yaɗa, ya fito a rana ta huɗu. Ya zayyana mini tsarin: ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, zama kusan awa 10 a yini, ba magana, ba haɗa ido, ba waya, ba karatu, ba rubutu, bayan abincin rana sai shayi da 'ya'yan itace da yamma. Kwana uku na farko ba abin da za ka yi sai lura da numfashi a ƙofar hanci. Ba a karɓar kuɗi, waɗanda suka gama a baya ne ke ciyar da sababbin zuwa da sadakarsu. Ya ce gwiwoyinsa suka kama wuta, zuciyarsa kuma ta tono masa duk abin da ya binne tun yarinta. "A cikin littafin," in ji shi, "mutum yana zaune bakin ruwa, shekaru suna wucewa a shafi ɗaya. Babu inda aka ce gwiwa tana ciwo." Na ce masa mu muna cewa hangen Dala ba shiga birni ba, na bayyana masa dutsen da fatake ke hangowa tun suna nesa da Kano. Ya yi dariya, ya ce zai sake gwadawa baɗi.

A wannan gari aka ƙulla abin da yau ya cika wayoyin Turawa. Goenka, ɗan kasuwa Ba'indiye haifaffen Bama, ya fara koyarwa a Indiya a 1969. A Janairun 1971 wata budurwa Ba'amurkiya, Sharon Salzberg, ta zauna halwarta ta farko a hannunsa a nan Bod Gaya, inda Joseph Goldstein ya riga ya yi shekaru yana karatu. Su biyun da Jack Kornfield suka koma suka buɗe cibiya a Barre ta jihar Massachusetts a 1976. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya ɗauki dabarar lura da numfashi ya kai ta asibitin jami'ar jihar, ya cire mata rigar addini, ya mai da ita maganin gajiyar zuciya da ciwo mai naci. Daga asibiti ta shiga ofisoshi da makarantu da manhajojin waya. A kowane zango an sauke wani kaya, har ta isa wurin da ba a ambaton ludayin nan ko dokoki biyar.

A rana ta uku ni da dattijuwar muka tafi ƙetaren kogin Niranjana, ƙauyen da aka ce wata budurwa Sujata ta ba Gautama shinkafa da madara lokacin da yunwar ganganci ta kusa kashe shi, abin da ya sa ya gane azabtar da jiki ba hanya ba ce. Tun a mota take maganar kogin. A littafinta kogi ne malami, shi ke magana, shi ke dariya. Da muka isa sai muka tarar da yashi. Faɗi ne mai yawa, fari, rani ya shanye ruwan sai 'yan kududdufai can da can, yara suna wasan kurket a tsakiya, wata mata tana tonon rami da kwano tana jiran ruwa ya tsattsafo, kamar yadda ake yi a rafukanmu da bazara. Dattijuwar ta tuɓe takalmi ta taka yashin ta yi nisa, ta tsaya ita kaɗai. Na bar ta. Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta ce ba rashin ruwan ne ya sa ta kuka ba, tunawa ta yi cewa mutumin da ya rubuta mata kogin nan bai taɓa ganin sa ba, kuma duk da haka kogin ya ɗauke ta shekara 40 da ɗoriya.

Ƙauyen matalauta ne sosai. Yara ba takalmi cikin wannan sanyi suka kewaye mu. A bangon wani ɗaki na ga hoton Dakta Ambedkar cikin kwat shuɗi, shi ne ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya kuma karɓi addinin Buda a Nagpur ranar 14 ga Oktoban 1956 tare da dubban ɗaruruwan mutanensa da tsarin kabilanci na gado ya mayar ƙasƙantattu. Su mutunci suka je nema. Wannan fuskar ta addinin ba ta cikin kowane littafi da na gani a teburan jiya.

A hanyar dawowa na ba ta labarin da ya kawo ni. Tun zamanin Abbasiyawa tarihin ɗan sarkin da ya bar fada ya shiga Larabci da sunan Bilauhar da Budasaf. Daga nan ya shiga harshen Jojiya, ya shiga Girkanci da Latin, Budasaf ya zama Josafat, aka yi masa wankan Kirista, har coci ta sa shi cikin waliyyanta. Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karanta labarin Buda tana girmama shi ba ta san shi ba ne, sai a ƙarni na 19 masana suka gano tushen. Ta ce ke nan Hesse ba shi ne farau ba. Na ce ko kusa.

Ni dai abin da na gani ya hana ni raina littafin hira. Mutanen da wa'azi ba zai taɓa kai wa gare su ba, labari ya shiga ɗakinsu ya zauna da su a daren da suka rasa mai rarrashi. Mu ma a ƙasarmu da waƙa Nana Asma'u ta kai karatu ga matan karkara. Sai dai ita malama ce 'yar malamai, daga cikin gida take magana, ta san abin da ta sauƙaƙa da abin da ba ya taɓuwa. Hesse daga waje ya leƙo, ya ɗauki abin da raunin zuciyarsa ke buƙata, ya rubuta Bature mai kaɗaici ya sa masa rigar Indiya. Shi ya sa Turawa suka ga kansu a ciki nan da nan, shi ya sa kuma suke isowa nan su tarar da tsohuwa tana zubewa a katako su rasa inda za su ajiye ta.

Ranar da zan koma, dattijuwar ta ce in raka ta. Ta yi rajistar halwar kwana 10 a wata cibiya da ke bayan gari, duk da na ba ta labarin abin da ɗan Kanada ya gaya mini. Da sassafe kafin mu tafi na gan ta a bakin titi ta sayi ayaba da biskit, ta shiga layin matan Tailan, tana saka wa masu zuhudu a ƙoƙo ɗaya bayan ɗaya, hannunta yana rawa don ba ta saba ba. A ƙofar cibiyar maza ba sa wuce teburin karɓar baƙi na ɓangaren mata, a nan na tsaya. Wata ma'aikaciya ta miƙo mata jakar yadi ta ce ta zuba waya da fasfo da kuɗi da duk abin karatu. Ta sa wayar, ta sa fasfon. Ta ciro littafin daga aljihun rigar sanyinta, ta kwance robar, ta buɗe tsakiya ta nuna mini ganyen bishiyar da ta tsinta, mai dogon wutsiya, ya fara bushewa. Ta rufe, ta naɗa robar sau biyu, ta saka shi cikin jakar. Ma'aikaciyar ta ɗaure bakin jakar ta ba ta ɗan kati mai lamba. Ta juyo ta ce in gaida mahaifiyata, ta ɗauki bargonta ta shiga.

Mai a-daidaita-sahun yana jirana a waje, injin a kunne, jirgina na ƙarfe 2 ne.